Tun Yaushe Aikin Ofis Ya Zama Gadon Bahaushe?

Akwai abin da yake ba ni mamaki game da dattawanmu na birni, waɗanda yau suke ritaya ko suke dab da yi. Da yawansu 'ya'yan maƙera ne da marina da majema da manoma da fatake. Ba su gaji iyayensu ba. Wasunsu ma da ƙyar aka ƙwace su daga hannun iyayen aka kai su boko, domin a wancan zamani idan mai unguwa ya shigo neman yaran makaranta, akwai mai ɓoye nasa a rumbu, akwai mai miƙa ɗan riƙo a madadin ɗan cikinsa. To yau ga shi ɗansu ya ce shi ɗinki yake so, ko ɗaukar hoto, ko harkar kwamfuta, ba likitanci ba, sai ka ji an ce yaro ya bar tarbiyya, ya yi watsi da al'ada. Wace al'adar? Idan gado ake nufi, ai uban ne ya fara barin sa.

Ya kamata mu tuna yadda abin ya faro. An buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909, Kwalejin Katsina kuma a 1922, amma an shafe shekaru masu yawa talaka yana kallon boko a matsayin hanyar lalacewar yaro. Ba wa'azi ne ya juya tunanin mutane ba, gani da ido ne. A shekarun 1950 gwamnatin Sardauna ta ɗauki aniyar cike ofisoshin Arewa da 'yan Arewa, saboda haka duk wanda ya riƙe takarda aiki ne ke neman sa. Aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya sa ƙaramin ma'aikaci ya zama abin kallo a unguwa. A 1976 aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa, shekara guda bayan haka Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, domin ta samu likitoci da injiniyoyi na kanta. Wanda ya taso a wannan yanayi ya ga abokinsa ɗan manomi ya koma mai mota da gidan gwamnati da fansho. Ina laifinsa idan ya yi wa ɗansa fatan haka? A zamaninsa gaskiyarsa ce.

Sai dai wannan duniyar ta tafi, kuma ba jiya ta tafi ba. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar albashi take zaizayewa. Masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa, waɗanda suke ɗibar dubban ma'aikata, mafi yawansu sun zama kango. Malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata tara a 2020, suka ƙara na wata takwas a 2022. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a 2024, a kasuwanni da yawa kuɗin bai kai na buhun shinkafa ba. Aikin gwamnatin da ake ta nuna wa yaro kuwa, kowa ya san sai da uwa a gindin murhu. Abin da muke kira al'ada a wannan fanni shawara ce da wasu suka yanke shekaru hamsin da suka wuce, ta yi musu amfani, sai muka ɗauke ta muka ɗora wa yara tamkar wahayi.

Duk wanda ya taɓa raka ƙaninsa rajistar JAMB ya ga irin wannan. Layi ya yi tsawo, rana ta take, yaro yana zaune gaban mai kwamfuta ya dangwala yatsa, uban yana tsaye a bayansa riƙe da fayil. Mai kwamfuta ya tambaya, "Wane kwas?" Kafin yaro ya buɗe baki uban ya ce, "Medisin." "Idan ba a samu ba fa, Alhaji?" "Za a samu, in sha Allahu." Yaron yana kallon takalminsa. Shi ya san sakamakonsa na kimiyya, ya san da ƙyar ya haye. Ba zai yi musu a gaban mutane ba, domin an koya masa cewa kunya ado ce. Maki ya fito bai kai ba, jami'a ta jefa shi wani kwas da bai taɓa jin sunansa ba, shekara huɗu ta zama shida, ya yi bautar ƙasa ya dawo. Daga nan sai ka same shi a kasuwar waya ta Farm Centre, zaune gaban ɗan teburi da fitila mai lanƙwasa, na'urar hura iska mai zafi a hannun dama, ɗan tsinken matsewa a hagu, yana ɗaga wani abu da bai kai ƙwayar gero ba daga cikin waya, yaransa biyu suna kallo suna koyo. Abin da yake so ke nan tun yana aji uku na sakandare. Ya isa inda za shi, amma ta hanya mai nisa, kuma har gobe idan aka tambayi uban me ɗansa yake yi, sai ya ce, "Yana dai ɗan taɓa kasuwa kafin aiki ya samu."

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kakanninmu sun fi mu sanin yadda ake raba wannan gardama. A tsarin gandu, uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna noma babbar gona tare. Maigida ne ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa ɗa auren fari. Amma kowane saurayi ana yanka masa gayauna, wadda a wasu sassan Nijar ake ce wa gamana. Idan an tashi daga aikin gandu, ko a ranakun da aka ware, sai ya nufi tasa. Ya ga dama ya shuka gyaɗa, ya ga dama barkono ko rogo. Abin da ya samu nasa ne, ya sayi riga, ya sayi akuya, ya yi wa budurwa toshi. Idan ya yi hasara shi ya jiyo, kuma ya koyi darasi ba tare da gida ya kwana da yunwa ba. Matan gida ma suna da tasu. Ba wanda ya ce saurayin da ke noma gayauna ya yi wa ubansa tawaye. A cikinta yake gane ko shi manomi ne na gaske, ko kuwa hannunsa ya fi faɗawa ga kiwo ko fatauci. Kuma ga ƙofar ci-rani a buɗe: da kaka ta wuce matasa su bazama birane, wasu har Gwanja neman goro, wasu su zauna a zangon Kumasi ko su bi hanyar Makka su yada zango a Sudan. Mu 'yan boko mun riƙe gandu gam, mun soke gayauna. Muna son lokacin yaro duka, da zaɓinsa duka, daga firamare har ranar ɗaurin aurensa, sannan mu yi mamakin yadda ya kai shekara talatin bai iya yanke shawarar komai ba.

Wani abin da muka yi hasara shi ne masu shiga tsakani. Bahaushe bai saba zama da ubansa su yi muhawara ba, musamman ɗan fari, wanda uban ma kunyarsa yake ji. Amma gidan yawa ya tanadi hanyoyi. Akwai kaka, wadda ake wasa da ita, ake faɗa mata abin da ba a iya faɗa wa kowa, ita kuma ta kira ɗanta ta ce, "Kai, ka ƙyale min miji ya yi abin da yake so." Akwai kawu, akwai goggo, akwai aminin uba da suke zaman majalisa tare. Baffa zai samu yayansa bayan sallar isha'i ya ce, "Yaya, yaron nan fa hankalinsa ba ya kan karatun nan. Ka bar min shi shekara biyu a shago, in bai yi abin kirki ba ni da kaina zan dawo maka da shi." Ta haka uba yake sauka daga kan bakansa ba tare da girmansa ya zube ba, ɗa kuma yake samun biyan buƙata ba tare da ya ɗaga murya ba. Yanzu kowa ya gina gidansa a sabuwar unguwa ya ja katanga ya sa get. Kaka tana ƙauye, baffa sai ranar suna ko jana'iza. Abin da ya rage shi ne zauren dangi na WhatsApp, inda ake tura addu'ar Juma'a da sanarwar biki, amma ba a taɓa maganar da ke cin ran kowa. Saura uba da ɗa fuska da fuska, su biyun da al'ada ba ta taɓa koya musu yadda za su yi wannan zance ba.

Ba kullum kuɗi ne ke damun iyaye ba. Sau da yawa daraja ce, da tsoron abin da mutane za su ce. Tsohon jerin nan da ya ɗora sarauta da malanta da fatauci a sama, ya ajiye kiɗa da roƙo da fawa a ƙasa, bai mutu ba. Yana fitowa fili ranar binciken aure. A ce yaro ma'aikaci ne, ko da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, sai a gyaɗa kai. A ce tela ne ko mai aski ko mai ɗaukar bidiyo, ko da yana ciyar da mutum goma, sai a ce za a yi shawara. A 2016 gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina alƙaryar fina-finai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, aka yi ta ce-ce-ku-ce a masallatai da gidajen rediyo har aka janye. Ni ban ce damuwar malamai a kan tarbiyya ba ta da tushe ba. Akwai abubuwan da ake yi a harkar da ni ma ba zan so ƙanwata a ciki ba. Amma mu dubi abin da ya biyo baya. Matasan da ke son kyamara ba su fasa ba. Sun koma wayoyinsu, inda babu malami, babu ubangida, babu wanda zai ce wannan bai dace ba kafin duniya ta gani. Kano tana da hukumar tace fina-finai tun 2001, amma tace abin da yaro ya ɗora a TikTok da tsakar dare sai dai a bi shi da kamu bayan an gama kallo. Mun hana makaranta, mun samu kasuwar bayan fage.

Kuma mu ne dai idan abin ya yi kyau muke rige-rigen cewa namu ne. Jelani Aliyu ya fara karatun zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bar ta ya koma kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, daga baya ya tafi Detroit ya karanci zanen mota, har ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Ka ƙaddara ɗanka ne ya zo ya ce zai bar jami'a ya koma foli, wato kwalejin fasaha, saboda yana son zana motoci. Me za ka ce masa? Ahmed Musa da ya ci wa Najeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014, ya ƙara biyu a ragar Iceland a 2018, a Kano Pillars ya yi suna, kuma yara nawa ne irinsa aka fasa wa ƙwallo da wuƙa a ƙofar gida? Na san ba kowa ne zai zama su ba. Dubu suna farawa, ɗaya ke kaiwa. Amma haka lissafin yake a medisin ma, sai dai shi ba ma faɗa.

To, matasa, kada ku ce na zo ne in goya muku baya ido rufe. Da yawa daga cikin abin da kuke kira ra'ayinku ba naku ba ne, waya ce ta zaɓar muku. Wanda ya ƙi jin maganar ubansa amma ba ya iya barci idan bidiyonsa bai samu masu kallo ba, bai kuɓuta daga tsoron bakin mutane ba, mutanen kawai ya sauya, ya bar waɗanda suka san shi ya koma ga waɗanda ba za su zo jana'izarsa ba. Mun ga abin da ya faru a 2024, lokacin da samari da 'yan mata, har da magidanta, suka shafe watanni suna dannan fuskar waya da sunan mainin, wato haƙar kuɗin intanet, kowa yana lissafin motar da zai saya, ranar biya ta zo mafi yawa suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan ba neman na kai ba ne, zari ne. Gayauna ana noma ta ne bayan an gama aikin gandu, da gumi, rana tana dukan ƙeya. Idan ka ce ɗinki kake so, wa kake koyo a wurinsa? Ƙarfe nawa kake fita? Ina littafin da kake rubuta shiga da fita? Idan ka ce manhaja kake son ginawa, nuna wadda ka gina, ko da ta lissafin bashin shagon unguwa ce. Saurayin da ke tashi ƙarfe sha ɗaya ya ci abincin Umma, ya karɓi kuɗin data a wurin Abba, sannan ya ce ba a ba shi 'yanci, ba da al'ada yake rigima ba. Uba yana da haƙƙin ya ga alama kafin ya saki igiya.

Ni na yarda da albarkar iyaye, na kuma ga yadda rashinta ke bin mutum. Shi ya sa nake ganin zalunci ne a mayar da ita makami a kan abin da Allah ya halatta. "In ka bar karatun nan ban yafe ba." Wannan magana ce mai nauyi da bai kamata a zare ta saboda zaɓin kwas ba. A Suratu Luƙman, ko a kan shirka, da aka ce kada a yi wa iyaye ɗa'a, nan take aka ce a zauna da su a duniya da kyautatawa. Ke nan saɓanin ra'ayi daban, saɓa wa iyaye daban, kuma mutum yana iya cewa "Baba, ku yi haƙuri, ba zan iya ba" yana durƙushe.

Idan aka toshe wannan ƙofa, abin da ake samu ba biyayya ba ce, fuska biyu ce. Ɗalibin da jami'a ta kora tun bara amma yake ci gaba da karɓar kuɗin makaranta, domin ya fi tsoron idon mahaifinsa a kan ƙarya. Yarinyar da take da shafi biyu, ɗaya na dangi ɗaya na gaskiya, ta kuma toshe yayyenta kada su ga abin da take ɗorawa, alhali ba wani abin kunya ba ne, hotunan kek ɗin da take sayarwa ne da 'yan rubuce-rubucenta. Iyaye suna alfahari da ɗa mai ladabi, ba su san baƙo suke zaune da shi ba. Ranar da ya shiga matsala ta gaske, su ne na ƙarshe da za su ji.

A wajen 'ya mace kuwa igiyar ta fi gajarta. An yarda ta yi karatu, amma an fi so ya zama nas ko ungozoma ko koyarwa, kuma agogon aure yana bugawa a kanta tun daga ranar da ta gama sakandare. Ta haura ashirin da biyar, sai a fara raɗa cewa ta yi kwantai, a wurin biki goggonni su riƙa tambayar uwar, "Har yanzu shiru?" Wannan matsin ne ke sa a karɓi duk wanda ya fito. Mu da muke tinƙaho da Nana Asma'u da 'yan tarunta, matan da ta horar su koyar da mata, ya kamata mu ji nauyin ce wa yarinya ilimi ya isa haka.

Kuma a nan ne shawarata take canzawa. A kan karatu da sana'a, idan uba ya kafe, ina ce wa matashi ya yi haƙuri ya ƙarasa, ya riƙe gayaunarsa a gefe da yamma da ranakun hutu, domin digirin da ba ka so ba ya hana ka ɗinki, shekarun kuma ana iya fanshe su. Aure ba haka yake ba, ba shi da gefe. Ba a zama da wanda ba a so da safe a koma ga rayuwar kai da yamma. Hadisi ya tabbata cewa Khansa'u bint Khizam ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ya kuma warware auren. An ce shirun budurwa yardarta ce, amma shirun kunya ake nufi, ba shirun wadda ta kwana tana kuka an ce mata za a tsine mata ba, kuma duk uwa ta san bambancin. Yarinya ko saurayin da aka matsa wa, ya nemi kaka ko kawu ko limamin unguwa ya faɗa da bakinsa tun kafin a sa rana. Iyaye za su ji zafi, dangi za su yi surutu na wata guda. Idan aka bari sai an shafa fatiha, maganar kan ƙare ne a gaban alƙali ana lissafin sadakin da za a mayar, wani lokacin da goyo a baya, kuma zumuncin da aka ce ana son ƙullawa da auren shi ne yake fara tsinkewa.